Ku Miƙa Mata Ƙwallon

Tambaya ɗaya gare ni.

Wa ya san Halimatu Ayinde?

Na jefa wannan tambayar a majalisar unguwarmu bayan isha'i, musun ƙwallo ya yi zafi. Majalisa ce da ake jero 'yan wasan Arsenal tun daga gola har 'yan benci. An san wanda ya ji rauni a Madrid. An san wanda Barcelona ke zawarci. Ina rufe baki wuri ya yi tsit. Wani ya ce ko 'yar fim ce. Wani ya ce a bar batun mata a koma kan magana. Wani dattijo ne kaɗai, yana gefe yana ɗinkin hula, ya ɗago kai ya ce, "Ba 'yar tsakiyar nan ta Falcons ba?"

Ita ce. Kuma tamu ce.

A Kaduna aka haife ta, a 1995. Kadunar da ta haifi Daniel Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida da Celestine Babayaro, zaratan da suka ciyo mana zinare a Atlanta a 1996. Su kam mun riƙe sunayensu, kuma sun cancanta. To garin nan dai ya haifo 'ya mace. Ta je gasar cin kofin duniya sau uku: Kanada a 2015, Faransa a 2019, Ostareliya a 2023. Ta ɗaga kofin Afirka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta ci gasar ƙasar Suwidin. Amma a majalisarmu mutum ɗaya ne ya san ta.

Abin ya tsaya mini a rai. Ina so ya tsaya muku.

Na san dalili ɗaya. Aikinta ba mai hayaniya ba ne. Ita 'yar tsakiya ce, irin wadda ke tsayawa a gaban 'yan baya, wadda yara a fili ke kira lamba shida. Ana yabon tuwo, ba a tunawa da mai tuƙi. Wadda ta zura ƙwallo a raga ita ake ɗauka hoto. Wadda ta ƙwato ƙwallon tun daga tsakiya, ta miƙa, ta koma ta tsare gida, sai mai ido ke ganinta.

Don Allah ku gwada wani abu. Ku nemo wasan Super Falcons guda ɗaya a waya. Ku ɗauke ido daga kan ƙwallo, ku ɗora shi a kanta, minti goma kacal. Kafin ƙwallo ya iso ƙafarta ta waiga hagu, ta waiga dama. Ta riga ta san inda za ta aika shi. In abokan hamayya suka taso, ba ta bin ƙwallo a guje kamar akuya ta ga dusa. Hanya take tarewa. Tana tsayawa daidai inda mai ƙwallo ke son bi, ta tilasta mata juyawa gefe, inda babu haɗari. In 'yar baya ta hau gaba, ita ke toshe gurbin. In wasa ya rikice, ita ke taka ƙwallo ta ba 'yan uwanta numfashi. Taɓawa ɗaya, taɓawa biyu, ta saki. Ta sake gudu. Haka har a tashi. Ga ta ba wani girman jiki ba, amma ƙarti ke shakkar bi ta gabanta.

Wannan aikin kai ne kafin ya zama aikin ƙafa. Lissafi ne. Haƙuri ne. Ɗaukar nauyin wasu ne. Ku gaya mini, a gidajenmu wa ya fi 'ya mace sanin wannan aikin?

Yanzu ku ji hanyar da ta bi.

Ta fara sa rigar Najeriya tun a ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17. A gida ta buga wa Delta Queens, can kudu, nesa da garin haihuwarta. A 2014 tana cikin 'yan ƙasa da shekara 20 da suka kai wasan ƙarshe na duniya a Kanada, tare da Asisat Oshoala. Jamus ta sha da ƙyar, ci ɗaya mai ban haushi, shi ma sai a ƙarin lokaci. Shekarar ba ta ƙare ba ta shiga sahun manya, suka doke Kamaru da ci 2 da nema a Namibiya, suka ɗauko kofin Afirka. Shekararta 19.

A 2015 Amurka ta kira. Ta sa hannu da Western New York Flash. Kowa ya ce abin nema ya samu. Shekara na zagayowa, a 2016, ƙungiyar ta sallame ta.

Ku tsaya a nan kaɗan. Yarinya ce da ba ta wuce shekara 21 ba, a ƙasar da ba dangin iya ba na baba, aka ce mata ta tattara kayanta. Mutum nawa ne za su dawo gida su ce dama ba rabo? Ita ba ta zauna ba. Ta nufi Belarus, ta buga wa FC Minsk. Daga baya ta sauka Suwidin, a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Asarum, a 2018. Ba suna, ba taron 'yan kallo, sai sanyin da ya ninka hunturun Kaduna, da duhun da ke faɗuwa tun la'asar. Ta yi aikinta. Eskilstuna United ta ɗauke ta a 2019. Ta yi aikinta. A 2022 Rosengård ta birnin Malmö ta kira ta, ƙungiyar da ta fi kowa kofuna a gasar matan Suwidin, inda Marta ta Brazil ta taɓa taka leda. A shekarar suka ci gasa. A 2024 suka sake ci.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Halimatu ta ci gudu.

Akwai daren da ba na mantawa. Ran 18 ga Yuli 2022, a Rabat, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. Najeriya da Maroko mai masaukin baƙi. 'Yan kallo sama da dubu 45, kusan duk nasu. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci, ba a jima ba, alƙaliyar wasa ta je ta duba na'ura, ta dawo ta ɗaga wa Halimatu jan kati. Ta fita. Can kuma aka kori Rasheedat Ajibade. Mata tara suka rage a fili. Tara! Suka riƙe wasa kunnen doki, ɗaya da ɗaya, har ƙarin lokaci ya ƙare. A bugun fenariti aka fitar da su, 5 da 4.

Mu mun san nauyin jan kati. Mun ga abin da Sani Kaita ya sha bayan wasan Girka a 2010. Irin wannan katin yana iya bin mutum har gida, ya hana shi barci shekaru. Ita fa? Bayan shekara ɗaya tana tsakiyar fili a Birisben, a gasar cin kofin duniya, sanye da lamba 18, ranar da Falcons suka doke Ostareliya 3 da 2 a gaban mutanenta. Sun riga sun riƙe Kanada, zakarun Olamfik, canjaras. Suka fito daga rukuni ba wanda ya doke su.

Sai Ingila, zakarun Turai, ran 7 ga Agusta 2023.

Safiyar Litinin ce a wajenmu, ƙarfe takwas da rabi. Na tafi gidan kallo na tarar da ƙofa a rufe. Na buga wa mai gidan, ya fito yana murza ido. Ya ce, "Yallaɓai, wasan mata? Wa zai zo? Kuɗin mai ma ba zai fita ba." Na ce a tayar da janareta, ni zan biya. Mu biyar muka fara kallo a bencinan da ke ɗaukar mutum ɗari. Kafin hutun rabin lokaci mun kai ashirin. Mai shayi ya bar tukunya a wuta ya leƙo. Wani ɗan acaɓa ya jingine babur ya shigo da hular kwano a hannu. Ashleigh Plumptre ta ɗirka ƙwallo ya daki ƙarfen raga, ɗakin ya ɗauki salati gaba ɗaya. A tsakiya kuwa, duk inda Turawan nan suka juya sai su tarar da Halimatu da Christy Ucheibe tsaye. Har Lauren James ta harzuƙa ta taka Michelle Alozie aka kore ta. Minti 120 ba ci. A fenariti suka fitar da mu, 4 da 2.

Mutumin da ya ce wa zai zo, shi ne ya zauna a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago ya ce mini, "Wallahi ban san haka suke ba." Gani ya kori ji.

Rauni ya hana Halimatu zuwa Olamfik na Paris a 2024, karon farko da Falcons suka samu gurbi tun 2008. Ta yi jinya. Ta tashi. Ran 26 ga Yuli 2025 ga ta a Rabat kuma, garin jan kati, gaban Maroko kuma, a wasan ƙarshe na kofin Afirka. Kafin hutu an zura mana biyu. Da yawa sun kashe talabijin. Waɗanda suka daure sun ga Esther Okoronkwo ta rama ɗaya, Folashade Ijamilusi ta farke, Jennifer Echegini ta ƙarasa ana saura minti biyu. Uku da biyu. Kofi na goma. Kocin da ya ja ragama, Justin Madugu, ɗan Adamawa ne. Gwamnati ta yi wa kowace 'yar wasa shelar dala dubu 100 da gida da lambar girma ta ƙasa.

To, 'yan uwa, ba don mu yi tafi mu watse na kawo wannan tarihin ba. Ga abin da ya hana ni barci.

A bayan makarantar firamaren unguwarmu akwai fili. Kullum la'asar sakaliya yara maza ke cika shi, ƙura na tashi, an kafa duwatsu biyu a matsayin raga. Akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara tara ba. Talla ake aiko ta. Takan ajiye farantin gyaɗarta a gindin darbejiya ta tsaya a bakin fili. In ƙwallo ya fito waje, ita ke rugawa ta ɗauko. Ran nan na lura da ita. Ba da hannu take mayarwa ba. Ta tare shi da tafin ƙafa, silifas ɗinta ya cire, ta ɗago kai ta duba, ta aika shi daidai ƙafar wanda ya ɗaga hannu. Ta ɗago kai ta duba! Abin da koci ke shekara yana koya wa babba. Wani yaro ya daka mata tsawa, "Ke, matsa, ba wasan mata ba ne." Ta ɗauki silifas, ta ɗauki faranti, ta tafi tana waiwaye.

Ita nake yi wa wannan kiran. Irinta suna nan a Tudun Wada da Rigasa. Suna Fagge da Kurna. Suna Sakkwato, suna Gombe, suna Damagaram da Maraɗi, suna Zangon Kumasi. Kowace unguwa tana da mai tsayawa a bakin fili.

Ku miƙa mata ƙwallon.

Baba, da kai zan fara, don kalmarka ce mabuɗi. In 'yarka ta ce tana son ƙwallo, kada ka yi mata dariya. Kada ka kore ta da tsawa. Zaunar da ita ka ji. Ka tambayi inda za ta buga, da wa za ta buga, wa zai kula da su, yaushe za ta dawo. Ka gindaya sharuɗɗanka: karatu farko, Islamiyya ba fashi, magariba a gida. Sannan ka ce je ki. Ranar da za su buga wasa, ka sa hularka ka je ka tsaya. Yarinyar da ta hango ubanta a bakin fili ba mai iya raina ta, kuma ba mai yi mata kallon banza.

Inna, na san damuwarki, kuma damuwa ce ta uwa. Kina tunanin sutura. Kina tunanin bakin mutane. To ki ji wannan. A da hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta hana rufe kai a fili. Mata Musulmi suka yi ta fafutuka har aka janye hanin a 2014. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da lulluɓinta, duniya na kallo. Saudiyya ta buɗe gasar mata a 2022, kuma 'yan Najeriya na bugawa a can, har da Plumptre ɗin nan da ta daki ƙarfe. 'Yarki za ta iya sa dogon wando da riga mai dogon hannu, ta ɗaure kanta tsaf, ta yi gudu. Telan unguwa zai ɗinka. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Ƙarfin jiki ni'ima ce. Ki rage mata tallan la'asar kwana biyu a mako. Kwana biyu kawai. In kin samu hali ki bi ta, ki shimfiɗa tabarma a inuwa, ki ja maƙwabciya. In iyaye mata suka zauna a bakin fili, bakin mutane zai mutu da kansa.

Yayyenta maza, ku ne masu filin. Ku ne kuma kuka fi kowa iya korar ta. Ku daina. Ku ware wa ƙannenku awa ɗaya kafin ku fara. Ku tsaya ku zama katangarsu. Tsohon ƙwallon da kuka jefar a bayan ɗaki, ku kai wa mai faci, ku hura, ku ba ta. Takalmin da ya matse ka, kada ka yar. Ka koya mata tarewa da cikin ƙafa. Ka koya mata waige kafin ƙwallo ya iso. In abokinka ya yi mata ba'a, ka kalle shi ka ce ƙanwata ce.

Malamai da shugabannin makarantu, a hannunku abu mafi tsada yake: fili mai katanga. Makarantun 'yan mata na gwamnati suna da shi. Islamiyyu da yawa suna da shi. Makarantun coci suna da shi. Ciyawa ce ke cinye shi. Ku buɗe. Ku dawo da darasin motsa jiki da aka mayar lokacin shara. Ku haɗa aji da aji. Ku gayyaci makarantar da ke maƙwabtaka da ku, mata zalla, malama ce alƙaliya, iyaye ne 'yan kallo. Ba ya buƙatar takarda daga Abuja. Ƙwallo biyu, usur ɗaya, toka ko farar ƙasa a ja layi, shi ke nan. Ku sa su ɗumama jiki kafin a fara, su yi tsalle su koyi sauka da gwiwa a lanƙwashe, domin tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi kama mata fiye da maza. Kuma duk mai cewa ƙwallo na kashe karatu, ku ba shi labarin Michelle Alozie. Jami'ar Yale ta gama, ta yi aikin binciken cutar daji a asibitin yara a Texas, tana kuma tsare wa Najeriya baya.

'Yan uwana mata da kuka yi ƙwallo a makaranta kuka ajiye, ku dawo. Muna buƙatarku fiye da kowa. Uba zai fi sakin jiki in mace ce ke horar da 'yarsa. Ku nemi kwas ɗin koci. Ku nemi kwas ɗin alƙalanci. Ku je ofishin hukumar ƙwallo ta jiharku ku tambaya, ku koma, ku sake komawa har a gaji da ku.

Wata magana kuma dole a faɗe ta. Duk inda yara mata suka taru, a sa ido. Kada a bar babban namiji shi kaɗai da su. Kada a yarda da atisayen dare. Duk wanda ya zo da daɗin baki, wai zai fitar da yarinya Turai in an ba shi kuɗi, a tambaye shi takardunsa, a kai sunansa hukumar ƙwallo a tantance. Amanar 'ya'yan mutane ce. In muka riƙe ta da kyau, iyaye goma za su ƙara sakin nasu.

Alhaji mai shago, Hajiya mai atamfofi, ku da Allah ya buɗa wa, ba jirgi aka ce ku saya ba. Riguna goma sha biyar. Ƙwallaye uku. Kuɗin mota zuwa garin da ke kusa. Buhun ruwan leda ranar wasa. Kuna sa kofi a gasar samari lokacin sallah, Allah ya saka. Ku sa na 'yan mata ma. Ku je ku miƙa kofin da hannunku.

Masu gidajen kallo, ku rubuta wasan Falcons a allo da alli babba, kamar yadda kuke rubuta na Firimiya. Ku ware benci na mata da iyalai. 'Yan jarida da masu shirin wasanni a rediyo, minti biyar muke roƙo. Ku faɗi sakamakon gasar mata ta ƙasa da Hausa. Ku kira sunayensu har kunne ya saba. Ku masu waya a hannu, kuna yaɗa bidiyon 'yan wasan da ba su san da zamanku ba. Ku yaɗa na Halimatu. Ku rubuta sunanta daidai. In wani ya zo da zagi a ƙarƙashi, ku amsa masa da ladabi, amma ku amsa.

Sai hukuma. Ku ƙirga manyan ƙungiyoyin gasar mata ta Najeriya: Rivers Angels, Bayelsa Queens, Edo Queens, Delta Queens. Ku juyo arewa. Ga Nasarawa Amazons a Lafiya, da ta taɓa cin gasar. Ga Adamawa Queens. Ku ci gaba da ƙirgawa ku ga inda yatsu za su tsaya. Shi ya sa 'yar Kaduna sai da ta tafi har Delta. Uba nawa ne zai bar 'yarsa ta yi wannan nisan? Hazaƙa nawa ta mutu a wannan tambayar? Jihohinmu na kashe kuɗi a kan ƙungiyoyin maza, kuma muna jin daɗi. Filin Ahmadu Bello yana nan a Kaduna. Filin Sani Abacha yana nan a Ƙofar Mata. Ku tambayi kansilanku. Ku tambayi ɗan majalisarku. Ku kira shirin rediyo ranar da aka gayyato kwamishinan wasanni, ku ce ranka ya daɗe, ina ƙungiyar matan jiharmu, nawa aka ware mata bana? Ku tambaya da girmamawa. Ku tambaya kowane wata.

Ku kuma tsaya wa waɗanda suka riga suka kai. A 2016, bayan sun ciyo kofin Afirka a Kamaru, 'yan Falcons sun ƙi barin otal a Abuja sai an biya su haƙƙinsu, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya. A 2019 a Faransa an sake. A 2022 a Maroko sun ƙaurace wa atisaye saboda bashi. Zakarun nahiya ke nan suna roƙon guminsu. In aka yi alƙawari a gaban kyamara, mu riƙe ranar, mu bi sawu har kuɗi ya shiga hannu. Yarinyar bakin fili tana kallon yadda ake yi wa yayyenta. Uwarta ma tana kallo.

Kada wani ya ce mana an makara. Ingilar nan da ta fitar da mu, hukumar ƙwallonta ta hana mata bugawa a filayenta tun 1921, shekara hamsin cur. A 2022 mutum sama da dubu 87 suka cika Wembley suna kallon matansu na ɗaga kofin Turai. Brazil ta haramta wa mata ƙwallo da doka daga 1941 zuwa 1979, kuma ita ta haifi Marta. Maroko da muka kara da ita, ba da daɗewa ba ta zuba kuɗi a gasar matanta, ga ta tana kai wasan ƙarshe sau biyu a jere. Mu kuwa Falcons ba su taɓa fashin gasar duniya ba tun da aka fara ta a 1991. Muna da tushe. Muna da yara. Muna da rana da fili. Hannu ne ya rage, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba kowace yarinya za ta kai Suwidin ba, na sani. Wata za ta zama koci. Wata alƙaliyar wasa. Wata likitar ƙashi, wata mai sharhi a rediyo. Wata za ta yi aure ta haifi 'ya'ya da lafiyayyen jiki, ta riƙa ba su labarin ranar da ta ci ƙwallo a gasar makarantu. Duk riba ce. Kuma a cikinsu akwai ɗaya da za ta sa koriyar riga ta tsaya a tsakiya, mai sharhi ya kira sunan garinku duniya ta ji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarun tara zuwa goma sha biyu su ne na koyo. In suka wuce, sun wuce.

Don haka ku tashi. Yau ku gaya wa mutum ɗaya sunan Halimatu Ayinde. Yau ku nuna wa 'yarku wasanta a waya. Ku duba bayan ɗaki ku fito da tsohon ƙwallo. Ku je wurin hedimasta. Ku je wurin mai unguwa. Ku tara iyaye biyar. Ku tara yara goma. Ku share fili. Ku kwashe kwalabe da ƙaya. Ku ja layi. Ku kafa duwatsu.

Ni na riga na yi magana da mahaifin yarinyar nan mai gyaɗa. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce sai ya ga wurin da idonsa. Hedimasta ya ba mu filin ranar Asabar, ƙarfe huɗu, bayan la'asar. Wata malama ta ce za ta riƙe usur. Dattijon nan mai ɗinkin hula ya ce shi zai kawo ruwa. Ƙwallo ɗaya gare mu, kuma yara sun kai goma sha huɗu.

Wa zai kawo na biyu?